Makullin Yana Kanka

Sunan da iyayensa suka raɗa masa yana nan a katin asibiti, amma a bakin mutane dai Kawu Mantau ne. Kuma ba mantuwa gare shi ba, kada ku ɗauki alhakin bawan Allah. Mutum ne da zai gaya maka launin rigar da ka sa ranar da kuka fara haɗuwa. Wasan kwaikwayo ne ya ja masa sunan, sunan kuma ya ƙi sakinsa.

Wasan na yara ne, a dandamali suke yinsa, cikin wani zaure mai kujerun katako da fanka mai kuka. Labarin wata yarinya ce da dariyar ƙaninta ta ɓace. Ta shiga nema, ta bi ta ƙarƙashin gado, sai ga ta a ƙasar da duk abin da ya ɓace a duniya yake taruwa: warin takalmi, murfin biro, maɓallin riga, haƙorin da ya fita aka rasa inda ya faɗa. Can akwai wani ƙaton ɗakin ajiya, mai gadinsa wani tsoho ne mai doguwar hula. Dariyar yaron tana ciki, ƙofa a kulle, tsoho kuma ya manta inda ya sa makulli. Makullin nan kuwa, ƙato kamar ludayi, yana rataye a tsinin hularsa yana lilo, kowa na ganinsa sai shi.

Kawu ne tsohon, tun ma kafin ya tsufa. Sai ya lalube aljihun dama, ya lalube na hagu, ya cire takalmi ya zazzage, sannan ya juyo ya dubi yaran da ke zaune ya ce, "Jama'a, ina na ajiye makullin nan?" Daga nan ya yi shiru.

To, shirun nan shi ne sana'arsa. Matarsa ce ta koya masa, wadda 'yan wasa ke kira Uwar Labule, don ita ke jan labule, ita ke ɗinka kayan wasa, ita ce ma ta ɗinka hular. Farkon fara wasan da ya yi tambayar sai ya zarce da magana, ita kuwa ta tare shi a bayan dandamali ta ce, "Kai wane irin mutum ne? Ka tambayi mutane kuma ka amsa wa kanka? Ka bar musu wuri mana." Ya bar musu wuri. Ai kuwa zaure ya ɗauka, "Yana kanka!" Shi kuma ya kama kunne ya ce, "Me kuka ce? Kunnen nan ya tsufa." Su ƙara. Ya waiga bayansa ya ce bai ga komai ba. Yara su hau kan kujeru suna ihu har jijiyar wuya, malamansu suna jan su ƙasa suna dariya.

Wata rana kuma a kawo yara masu kunya, ya yi tambayar, zaure ya yi tsit. A irin wannan rana sai Uwar Labule ta maƙale murya daga bayan labule, ta mai da ita siririya kamar ta 'yar yaye, ta ce, "Yana kanka!" Da yara sun ji wani ya fara, shi ke nan, sai dai a toshe kunne. Ba wanda ya taɓa gane cewa ita ce.

Sai zamani ya juya. Mai zauren ya ba da shi haya, aka fitar da kujeru aka cika shi da katifu na sayarwa. 'Yan wasa kowa ya kama gabansa. Uwar Labule ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba, Allah ya jiƙanta. Kawu ya koma gidan autarsa, a wani bene da ke saman shagon gyaran waya, aka ba shi ɗakin da tagarsa ke kallon titi. Hular ya rataye ta a ƙusa bayan ƙofa, da makullinta da komai, jikarsa tana ce mata hular aljanu.

Yana nan zaune wata safiya sai ga 'yar ƙanwarsa ta hawo bene da gudu kamar an koro ta. Ita ce yarinyar da a da ba ta da wurin zama sai kujerar gaba, ta kalli wasan nan har ta haddace shi. Yanzu ta girma, ta yi karatun shirya fim, kowa Darakta yake ce mata. Ta durƙusa ta gaishe shi, ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Kawu, fim za mu mai da wasanku. Kuma ba mai sa hular nan sai kai."

Ya ce, "Ke, rufa mini asiri. Ni da ko waya sai an kunna mini?"

Ta ce, "Ba waya za ka kunna ba, makulli za ka nema."

Daɗi ya kashe shi, ba sai an ɓoye ba. Ranar har ya sauke hular ya kaɗe ƙura, ya sa ya tsaya gaban madubi, jikarsa ta faɗi ƙasa don dariya.

Wurin ɗaukar fim ɗin wani makeken ɗaki ne mai rufin kwano, wayoyi shimfiɗe a ƙasa sai mutum ya yi ta ɗaga ƙafa, fitilu masu zafi a kan sanduna. Bango duk an lulluɓe shi da koren kyalle. Kawu ya duba dama da hagu ya ce, "Ina ɗakin ajiyar? Ina takalman da laimomin?" Aka ce masa daga baya za a zuba su da kwamfuta. Ya ce, "Wato ni zan yi gadin kyalle ke nan." Aka yi dariya, aka nuna masa wata alama da aka manna a ƙasa, aka ce nan zai tsaya kada ya gusa.

Ya sha gyara, kuma bai yi girman kai ba. Maganar farko da ya yi, mai ɗaukar sauti ya fizge abin kunnensa ya ce, "Baba, don Allah! Ba sai na layin baya ya ji ba, abin maganar yana wuyan rigarka." Ya rage murya. Aka ce ya daina buɗe hannu kamar zai rungumi gari, kamara a kusa take. Ya rage. Duk abin da aka ce ya rage, ya rage, har ya fara jin daɗin abin, don ya lura a nan ko gira mutum ya ɗaga an gani.

Sai aka zo kan makulli. Ya lalube aljihun dama, ya lalube na hagu, ya zazzage takalmi, ya juyo ya ce, "Jama'a, ina na ajiye makullin nan?" Ya yi shiru.

Wata mai riƙe da takardun wasan, da ke zaune gefen kamara, ta raɗo masa maganar da ke gaba. Bai kula ta ba. Ta ƙara raɗowa da ɗan ƙarfi. Darakta ta ce, "Kot!", wato a tsaya. Aka sake. Ya sake yin shiru a daidai wurin, aka sake raɗo masa. A karo na gaba ya ji mai fitila yana ce wa na kusa da shi, ƙasa-ƙasa, "Tsufa ke nan. Sunan ya bi shi."

Wannan bai dame shi ba kamar abin da ya gani a fuskar Auta. Ita ta rako shi ranar, tana zaune can gefe da jakarta a cinya. Ta taso da gorar ruwa ta miƙa masa, ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Baba, ba komai, a hankali. Kowa yana mantuwa." Idonta ya ciko. Tausayinsa take ji, kuma tausayin nan ya fi zagi ciwo.

Ya ce, "Ban manta ba. Jira nake."

Darakta ta matso ta ce, "Jiran wa, Kawu?"

Ya ce, "Yaran mana."

Yana faɗa ya ɗaga kai ya duba inda ya kamata yaran su kasance. Ba kowa sai baƙin gilashin kamara da ƙarti riƙe da sanduna, wani ma yana danna waya. Ashe tun safe jikinsa bai yarda cewa zauren nan babu shi ba. Kunya ta rufe shi.

Darakta ta ce a hankali, "Kawu, kamara ba ta amsawa." Ta bayyana masa yadda aka tsara: da ya yi tambayar, yarinyar da ke fitowa a matsayin yayar yaron za ta nuna hular nan take ta ce ga shi nan, sai a wuce. Shirun nan a fim ba shi da mai cike shi, mai kallo zai zaci na'ura ce ta tsaya. Gaskiya ta faɗa, shi ma ya san gaskiya ce. Ya ce to. Aka ɗauka, ya tambaya, yarinya ta nuna, ya shafo makulli, aka wuce. Kowa ya tafa, mai fitila har da cewa, "Yauwa Baba, ka ga yanzu ka tuna."

Ana shirin kashe fitilu Darakta ta ce a dakata. Ta ce, "Kawu, yi mini sau ɗaya yadda kuka saba. Ka kalli cikin gilashin nan. Don ni kawai." Ya san lallashi ne, irin wanda ake yi wa yaro a ba shi sitiyarin motar da aka kashe. Bai ma tabbata kamarar a kunne take ba. Amma ya yi. Ya tambaya, ya jira. Ya kama kunne ya ce, "Me kuka ce? Kunnen nan ya tsufa." Ya jira. Ya waiga baya, ya dawo, ya jira, daidai tsawon da Uwar Labule ta auna masa. Ba wanda ya ce uffan. Da ya gama ya cire hular ya riƙe a hannu, suka tafi gida.

Daga ranar nan Auta ta sauya masa. Ba da mugunta ba, wallahi, yarinyar kirki ce, tsoro ne ya kama ta. Da safe ta ce, "Baba, yau wace rana?" Ya gaya mata. Da rana ta bugo waya daga wurin aiki ta ce ya kashe risho? Ya ce ai ko kunnawa bai yi ba. Sai wata rana ya zo fita shan iska ya laluba ƙusar da ake rataye makullin gida, babu. Ta ce ta ajiye a jakarta ne kada ya ɓata, in zai fita ya jira ta dawo su fita tare. Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga duk abin da ya faɗa ƙara tabbatar mata zai yi, don duk mai mantuwa cewa yake bai manta ba. Ya koma ya zauna bakin taga. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana neman makullin ƙarya, yau ga shi an hana shi na gaske. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ya kuma rasa wanda zai gaya wa, don mai fahimtar shirun nan mutum ɗaya ce, ita kuwa tana kabari.

Aka ɗauki watanni ana haɗa fim. Sai ga Darakta ta aiko cewa za a nuna shi ranar Asabar da hantsi, an gayyato yaran makarantu. Kawu ya ce ƙafarsa na ciwo. Jikarsa ta ce, "Ƙarya kake, tsoho, jiya na ga ka tsallake kwata." Haka suka tasa shi gaba, har da hular a leda, wai za a yi hoto.

Gidan kallon sabo ne, kujeru masu laushi, sanyi kamar cikin firji. Yara sun cika shi, amma kafin a fara wata malama ta tsaya gaba ta ɗaga yatsa ta ce duk wanda ta ji bakinsa, waje. Aka kashe fitila. Kawu yana tsakanin Auta da jikarsa, ya naɗe hannu a ƙirji.

Kai, masu fim ɗin nan sun yi aiki! Koren kyallen nan ya zama ɗakin ajiya wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Laimomi suna tashi sama garke-garke, warin takalma suna tsalle suna neman 'yan'uwansu, dariyar yaron kuma an yi ta kamar ɗan tsuntsu mai haske a cikin kwalba. Kawu ya saki baki. Abin da su da Uwar Labule suke yi da kwali da zare, ga shi yana numfashi. Har ya manta da ɓacin ransa, sai da ya ga kansa a allo, hula tana lilo, yana lalube aljihu. Ya sunkuyar da kai yana jiran yarinyar ta nuna a wuce.

Ba ta nuna ba. Tsohon da ke allo ya juyo, fuskarsa ta cika bango, ya dubi cikin idon kowa ya ce, "Jama'a, ina na ajiye makullin nan?" Kiɗa ya ɗauke. Ya yi shiru.

Kawu ya gyara zama. Ashe kamarar a kunne take! Ashe Darakta ta bar shirun, ta sa shi cikin fim ɗinta na fari, a gaban duk waɗanda suka ce ba zai yiwu ba. Ga wuri an bari, sai dai ba mai shiga. Yara sun ga makullin sarai, yana jin yadda suke motsi a kujeru, amma malama ta ce waje. Wani babba a baya ya yi tari. Wani ya ce, "Ya tsaya ne?" Auta ta kama hannunsa ta matse, irin matsewar nan ta ba komai Baba. Can gefen ƙofa ya hango Darakta a tsaye, ta toshe baki da hannu biyu.

Yara masu kunya ne, ya san irinsu. Mutum ɗaya suke jira ya fara, mai farawar kuma ba ta nan. Kawu bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Ya zame ƙasa kaɗan a kujera, ya kare baki da tafin hannu, ya maƙale murya ya mai da ita siririya kamar ta 'yar yaye.

"Yana kanka!"

Tsohon allo ya kama kunne ya ce, "Me kuka ce? Kunnen nan ya tsufa."

Wayyo, sai ka ce an ɓalle famfo! "Yana kanka! Yana kan hularka!" Tsoho ya waiga baya ya ce bai ga komai ba, yara suka miƙe tsaye. Jikarsa ta hau kujera tana nuna allo tana ihu, "A kanka, tsoho, a kanka!" Malamar nan mai yatsa ta juyo za ta tsawata, ta ga abin ya fi ƙarfinta, ƙarshe ita ma aka ji bakinta. Kuma ihun yana sauka daidai lokacin da tsohon ya kai hannu ya shafo makulli, ba gaba ba baya, kamar yana jin su.

Kawu bai taɓa zama ta wannan ɓangaren ba. Duk shekarun nan ihun a fuska yake dukansa, yau ga shi a tsakiyarsa, yana jin sa a haƙarƙari. Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Ya gode wa Allah da ya nuna masa wannan rana, ya gode wa matar da ta auna masa shirun, ya yi mata addu'a a cikin hayaniyar.

Auta ba allo take kallo ba, shi take kallo. Ita kaɗai ta ji daga inda siririyar muryar ta fito, kuma ta san muryar. Da ita aka yi mata wasa tana ƙarama, da ita ake lallashinta ta sha magani. Ta ce, "Baba... muryar Mama ce." Ya ce, "Ita ce mai farawa. Yau ba ta samu zuwa ba." Auta ta kifa kai a kafaɗarsa, ta yi kukan da ta daɗe ba ta yi ba.

Da aka kunna fitila Darakta ta ratso yara ta iso gare shi, ta durƙusa. Ta ce, "Kawu, saura kaɗan zuciyata ta fito. Kowa ya ce in cire, na ƙi. Na tuna ina kujerar gaba, wani lokaci akwai wata yarinya da ke riga ni faɗa, na yi ta nemanta ban taɓa ganinta ba. Yau ma da wani yaro bai fara ba, da na shiga uku."

Kawu ya dubi Auta, Auta ta dubi ƙasa tana murmushi. Bai tona ba. Ya dafa kan Darakta ya ce, "'Yar nan, kin bar musu wuri. Ban da abin da zan biya ki da shi. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki abin da kika yi mini." Ita kuwa ta share ido da bakin mayafi.

A bakin titi, suna jiran mota, yara suna wucewa suna nuna shi suna cewa ga Mantau, ga Mantau. Auta ta buɗe jaka ta yi ta lalube, ta fito da makullin gida. Ba ta yi dogon bayani ba, ta kama hannunsa ta sa masa a tafi ta rufe da nata. Ta ce, "Baba, riƙe. Ni sai na biya kasuwa, ku yi gaba kai da 'yar rigimarka."

Ya juya makullin a hannu, ɗan ƙarami, duk ya goge. Ya lalube aljihun dama, ya lalube na hagu, ya dubi jikarsa ya ce, "To, ni yanzu ina zan ajiye wannan?"

Ya yi shiru, ya bar mata wuri.